Faifai na Tara

Ranar da muka dawo daga hutu, tun ina bakin ƙofa da akwatin kayan kwalliya a hannu na jiyo ihun Mai Kamfani daga sama. Mutumin nan ko ƙafarsa ka taka ba ya ɗaga murya, don haka na yar da akwatin a tsakiyar hanya na haura da gudu.

Na tarar kowa ya cunkushe a ɗakin tace fim. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi, ba taga, a kusurwarsa akwai wata baƙar na'ura mai tsayin firij da muke kira Rumbu. Duk abin da muka ɗauka na sabon fim ɗinmu a cikinta yake, wahalar shekaru, rana da ruwan sama, har da ranar da na yi wa mutum ɗari kwalliya ni kaɗai. Ƙanina Auta shi ne edita, shi ke tace fim ɗin. Yana zaune gaban kwamfuta, gumi na zubo masa a cikin wannan sanyi.

"Sake dubawa!" in ji Mai Kamfani.

"Yallaɓai, na duba," in ji Auta. "Kafin hutu tera sittin da huɗu ne a ciki. Yanzu biyar da ɗigo takwas suka rage." Tera ma'aunin yawan abin da ke cikin na'ura ne.

Injiniya, wanda ke kula da na'urorinmu, ya sunkuya ya danna nan ya danna can, sannan ya miƙe yana sosa ƙeya. Ya ce ba lalacewa ba ce. Wani ne ya jona faya-fayan ajiya daga waje ya kwashe, kuma duk abin da ya shiga can sai ya goge a nan. Abin da ya rage ƙarshen fim ne kawai. Sai ya rage murya ya ce da kalmar sirrin edita aka shiga.

Wallahi kamar an juya kawunansu da igiya ɗaya, kowa ya kalli Auta.

"Ai dama biri ya yi kama da mutum," in ji Tauraro, babban jaruminmu, yana gyara baƙin gilashinsa. "Ba shi ne wani kamfanin fim ke ta zawarci ba?"

Na ce masa ya rufe min baki kafin in manta cewa fuskarsa ce jarinsa. Aka rirriƙe ni. Auta bai kalli kowa ba sai Darakta, mutumin da ya ɗauke shi tun bai san komai ba, ya zaunar da shi kusa da shi ya koya masa aiki.

"Maigida, ka faɗa musu. Kai ka san ni."

Darakta na zaune a gefe, jakarsa a kan cinya, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce, "Ni yau ba ni da bakin magana."

Mai Kamfani ya fitar da kowa, ya kulle ɗakin, ya jefa mukullin a aljihu. Ya karɓe wayar Auta, ya sa maigadi ya tsare shi a ofishin ƙasa. Ya ce kafin a tashi daga aiki yau, ko fim ɗinsa ko 'yan sanda. Kuma a sana'armu, editan da aka taɓa cewa ya saci fim ya gama aiki ke nan, ko kotu ta wanke shi ba mai sake ba shi ajiyar ko hoton fasfo. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na fita waje na kira Gwaggo.

*

Gwaggo ƙanwar babanmu ce. Shago gare ta na ceto bayanai daga matattun wayoyi da kwamfutoci, amma abin da ya yi mata suna shi ne bin sawu. In an sace wa kamfani bayanai ko an goge wa lauya hujja, ita ake kira. Mai Bin Sawu suke ce mata. Gajera ce mai jiki, tana tafiya kamar ba za ta isa ba, amma in ta hango alama sai ta koma kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi.

Ta iso tana haki, ta ce min, "Uwar faɗa, wa kika mara?"

"Ban kai ga mari ba, Gwaggo."

"To madalla, an samu ci gaba."

Mai Kamfani ya san ta, don ta taɓa ceto masa hotunan iyalinsa daga wayar da ta faɗa ruwa. Ya buɗe mata ɗakin, amma ya tsaya a kanta. Ta kalli allon kwamfutar na ɗan lokaci, ta miƙo min hannu ba tare da ta juyo ba ta ce in ba ta abin rubutu. Fensirin gira kawai gare ni. Da shi ta rubuta biyar da ɗigo takwas a tafin hannunta, ta ce a kulle.

"Shi ke nan?" in ji Mai Kamfani.

"Me kake so, in yi wa na'urar tambayoyi? Mutane zan yi wa."

*

Maigadi ya rantse ya kuma rantsewa cewa mutum biyu kawai suka wuce ta gabansa a cikin hutun, Injiniya da wani kwali a kafaɗa, da Tauraro. Amma akwai ƙofar baya wadda ke ɓullewa ta ɗakin sutura, kuma daga mazauninsa ba ya hango ta. Gwaggo ta tambaye shi su wa ke da mukullinta. Ya lissafo Mai Kamfani, Darakta, Injiniya, sai ya tsaya yana kallona.

"Da ni," na ce. "Faɗi mana! Sai aka yi yaya?"

"Sai aka yi cewa ƙaninki ba ya buƙatar wucewa ta gaban kowa," in ji Gwaggo. "Abin da suke faɗa a sama ke nan yanzu. Taho."

Ni dai kwalin nan ne ya tsaya min a rai. Na ce ai mun kama shi, Injiniya ne, wa ya fi shi sanin cikin Rumbu? Muka same shi a ƙarƙashin matakala yana shan shayi. Da ya ji maganar kwali sai ya yi dariya, ya ja mu bayan ginin, ya nuna mana sabon batirin na'urar riƙe wuta, ga tsohon a gefe ya kumbura, ga kwalin nan an shimfiɗa shi a ƙasa saboda maiƙo. Ya ce ko ɗakin tace fim bai leƙa ba ran nan. Na ji kunya ƙwarai, na ce masa ya yi haƙuri duk da ban faɗa masa abin da na zarge shi da shi ba.

Tauraro kuwa a ɗakina na kwalliya muka same shi, ya zauna gaban madubi yana duba haƙoransa. Takunkumin da yake sawa don kada masoya su gane shi a hanya yana rataye a kunnensa ɗaya. Ya ce ya zo a hutu, ƙwarai, ya zo ɗaukar wata riga ce. Ya kuma yarda sun yi faɗa da Auta.

"Hajiya, wuri mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata ya yanke. Kuka na yi, kuka na gaske, ba albasa! Ya ce ya yi tsawo."

"Allah sarki," in ji Gwaggo. "To wa zai amfana in fim ɗin ya ɓace?"

"Ni dai ba ni ba. Kuma ai ko ba a sace ba, dama an kusa yanka shi. Mai Kamfani ya sayar wa masu nuna fim a waya, za su daddatsa shi gutsi-gutsi su canza ƙarshen. Mako mai zuwa za su zo ɗauka. Ni ina ruwana, muddin fuskata na ciki."

Darakta yana zaune a kan benci a baranda, rungume da jakarsa. Ya ce tun da aka shiga hutu bai taka ginin nan ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Idonsa ya yi ja. Ya ce shekarun da ya zuba a fim ɗin nan ba za su dawo ba. Wallahi sai da na tausaya masa, har na kawo masa ruwa.

*

Muka zauna a motar Gwaggo. Rana ta take, ni ina ta kallon agogo, ita tana ta kallon tafin hannunta.

"Abin da ya hana ni sakat ke nan," ta ce. "Mutum ya samu mako guda, ba mai damunsa, ya kwashe kusan komai, sai ya bar ƙarshen fim. Wa ke sayen fim ba ƙarshe?"

"Wataƙila motsi ya ji ya gudu."

"Wataƙila. Buɗe min kalkuleta. Cire biyar da ɗigo takwas daga sittin da huɗu."

Na cire. Hamsin da takwas da ɗigo biyu.

Leɓenta suka hau motsi, tana lissafi. Can sai ta buga sitiyari da ƙarfi har hon ya yi ƙara, wani mai wucewa ya daka tsalle.

"Kai! Kai, kai, kai! Ikon Allah! 'Yar nan, ba motsi ya ji ba. Wuri ne ya ƙare masa!"

Na ce ta yi min Hausa.

Ta juyo gaba ɗaya, idonta na walƙiya. Ta ce in ɗauka akwai kwanon awo biyu a kasuwa, duka ana ce musu kwano, amma ɗaya ya ɗan fi ɗaya zurfi. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga. Bayit dubu kilo ɗaya, kilo dubu mega ɗaya, haka har giga, har tera. Ita kuwa na'ura da bibbiyu take tunani, don haka a wurinta kowane hawa dubu ɗaya da ashirin da huɗu ne. Nata sunan daban ne, tebibayit, amma ba mai wahalar da bakinsa, kowa tera yake cewa, Rumbu ma harafi ɗaya take nunawa a allo.

"Ashirin da huɗu a kan dubu, Gwaggo? Wannan har wani abu ne?"

"A hawan farko ba komai ba ne, kashi biyu cikin ɗari da 'yan kai. Amma kowane hawa sai ya hau kan na baya. Kafin ki kai tera ya kusa kashi goma. In kika haura hawa na gaba, peta da pebi, ya wuce sha biyu. Na ga kamfanin da ya kori ma'aikaci a kan wannan ratar, wai ya saci bayanai, alhali ko bayit ɗaya bai ɓace ba. Yanzu danna. Hamsin da takwas da ɗigo biyu na na'ura, mu mayar da shi na kasuwa. Ninka da ɗaya da ɗigo sifili biyu huɗu. Sake. Sake. Sake, na huɗu ke nan, ɗaya don kowane hawa. Me kika gani?"

Na duba. Sittin da huɗu, saura ƙiris.

"Kin gani!" Ta tafa hannu. "Ya leƙa allo ya ga sittin da huɗu, ya tafi kasuwa ya sayi sittin da huɗu. Na Rumbu kuwa in kin mayar da shi na kasuwa ya haura saba'in. Ya zuba babban kwano a ƙarami, sauran ya tsaya a baki. Kuma da yake na'ura bi da bi take kwashewa, abin da ya tsaya shi ne na ƙarshe."

"To ai shi ke nan, mu je mu faɗa wa Mai Kamfani!"

"Mu faɗa masa me? Ni dai na san ba Auta ba ne. A shagona ya koyi wannan lissafin tun yana zuwa hutun makaranta, ko a barci ba zai yi kuskuren nan ba. Injiniya ma da shi yake cin abinci. Amma gwaggon wanda ake zargi ta zo da lissafi a tafin hannu, wa zai saurare ta? Ɗaura bel. Mutumin da ya sayi faifai masu yawa haka a tashi ɗaya ya bar sawu a wani shago."

*

Layin masu kayan kwamfuta ya cika maƙil, masu gyaran waya na ta janyo hannun mutane. Gwaggo ta ce shago uku ne kawai ke ajiye manyan faya-fayai da yawa. Na farko ya ce ya daɗe bai sayar ba. Na biyu a rufe yake. Na uku wani dogo ne da ake kira Mai Faifai, tsohon abokin cinikinta, muna shiga ya fara ƙorafi tun kafin mu gaisa.

"Hajiya, gara da kika zo, ki yi min shari'a. Ni a shekaruna a ce min macuci?"

Gwaggo ta taka min ƙafa don in yi shiru. Ta ce, "Wa ya isa?"

Ya ce wani mutum ne, farkon makon jiya ya zo ya sayi faifai takwas masu tera takwas-takwas. Yau da safe, ko tsintsiya bai ajiye ba, sai ga shi ya dawo yana huci, wai an sayar masa da kaya ba su cika ba. Wai jiya ma ya zo ya tarar ba a buɗe ba. Ya ce kayansa sittin da huɗu ne, faya-fayan sittin da huɗu ne, don me za su cika su bar saura?

"Na yi masa bayani har bakina ya bushe. A ƙarshe dai ya sayi na tara, ya fice ko sallama babu."

Na ce, "Yaya kamanninsa?"

"Wa ya sani? Hula ya ja har gira, ga baƙin gilashi, ga takunkumi."

"Tauraro!" Na yi ihu har yaran shagon da ke maƙwabtaka suka leƙo. "Gwaggo, wallahi shi ne! Na faɗa, na faɗa tun safe!"

"Tun safe kin faɗi Injiniya ma," in ji ta. "Kama da wane ba ta wane. Rabin garin nan na sa takunkumi." Ta juya wurin Mai Faifai. "Ban da faɗa, me ya ce maka? Tun zuwan farko."

Ya ɗan yi tunani. Ya ce abu ɗaya ya ba shi mamaki, mutumin bai nemi ragi ba, bai tambayi garanti ba, tambayarsa ɗaya ce ya yi ta maimaitawa. Wai in an kwashe hoto daga wuri zuwa wuri, kalarsa ba ta dusashewa? Hasken yamma zai fito yadda aka ɗauke shi?

Na kalli Gwaggo. Murnar da ke fuskarta ce na ga ta ɗan ragu. A mota na yi ta yi mata lissafin laifuffukan Tauraro tun daga ranar da ya fasa min hoda, ita kuwa tana tuƙi kamar an biyo ta.

"Faifai na taran nan yana cikin ginin ku yanzu haka," ta ce. "Ya saya ne don ya riga kowa shiga ya kwashe sauran, sai Auta ya riga shi zuwa aiki. Tun daga nan ɗakin ke kulle."

"To a caje kowa mana!"

"In kika samu sabon faifai a hannun ɗan fim, me kika kama? Kowa na yawo da faifai. So nake ya faɗa da bakinsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

*

Muna isa ta ja Mai Kamfani da Injiniya gefe, suka yi ƙus-ƙus. Na ga Mai Kamfani ya girgiza kai, ya sake girgizawa, daga baya ya ɗaga kafaɗa. La'asar ta wuce, ma'aikata sun fara haɗa jakunkuna amma ba wanda ya tafi, kowa na jiran ya ga motar 'yan sanda.

Aka buɗe ɗakin tace fim. Aka shigo da Auta, maigadi na biye da shi. Rigarsa ta yamutse, leɓensa ya bushe, ko ruwan da na aika masa bai sha ba. Tauraro ya jingina da bango, ni kuma na tsaya daidai bakin ƙofa don in ya ce zai gudu ya bi ta kaina. Darakta ya zauna a kujerarsa ta kullum, kusa da ta edita.

"Na yi iya ƙoƙarina," in ji Gwaggo, ta sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Abin da ya tafi ya tafi. Abin da ya rage kuma na duba shi, ba shi da amfani. Ɓarawon ya katse aikin a tsakiya, ya lalata shi. Ba hoto ba sauti. Kuma barinsa a ciki zai iya cutar da na'urar. Injiniya, goge shi mu huta."

Auta ya ɗago da sauri zai yi magana, Gwaggo ta watsa masa wani kallo, ya haɗiye.

Injiniya ya zauna. Ya danna, ya danna, wani jan akwati ya fito a allo yana tambaya ko an tabbata. Ni idona na kan Tauraro. Shi kuwa gogan naka farcensa yake dubawa.

"Yallaɓai, in danna?" in ji Injiniya.

"Danna," in ji Mai Kamfani.

"Kada ka taɓa!"

Kujera ta kife. Darakta ne, ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu.

"Bai lalace ba! Wallahi bai lalace ba, lafiyarsa ƙalau, na kalle shi jiya kafin in fita! Wuri ne kawai ya ƙare, shi kaɗai ne bai shiga ba. In kuka goge shi babu shi a ko'ina!"

Ni dai bakina a buɗe ya tsaya.

"Jiya?" in ji Gwaggo a hankali. "Na ɗauka zazzaɓi ya hana ka taka ginin nan."

Ya saki hannun Injiniya. Jakarsa ta faɗi tare da kujerar, bakinta ya buɗe, ga sabon faifai ko ledarsa ba a ɓare ba, ga baƙin gilashi, ga hula a dunƙule.

"Tabɗijam!" in ji Tauraro. "Ni fa na ce..."

"Kai ka ce Auta ne," na ce masa. "Yi mana shiru." Ban gaya masa abin da ni na ce a kansa ba.

Darakta ya zauna a ƙasa, ya jingina da Rumbu. Ya ce sauran takwas ɗin suna gidansa, a cikin akwati, ba abin da ya same su. Bai yi niyyar sayar wa kowa ba. Ya kalli Mai Kamfani ya ce ya roƙe shi, ya yi masa magiya kada ya bari a daddatsa fim ɗin nan, ya ƙi. To shi ba zai zauna yana kallo a yanka masa ɗa ba. So ya yi ya ɓoye shi har cinikin ya rushe. Kalmar sirri kuwa, ai shekara da shekaru yana zaune a nan yana kallon yatsun Auta suna rubuta ta.

Mai Kamfani ya gama sauraronsa. Sannan ya zaro wayar Auta daga aljihu, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce a gaban kowa ya zarge shi, a gaban kowa yake neman afuwa. Ya ce Injiniya da maigadi su bi Darakta gida su ɗauko kayan, maganar 'yan sanda kuma sai ya kwana da ita. Ni kuwa sai na rungume Gwaggo ina dariya ina hawaye, tana cewa in sake ta kafin in shafa mata hoda a mayafi.

Auta bai yi murna ba. Yana tsaye da waya a hannu yana kallon mutumin da ke zaune a ƙasa.

"Ɗana," in ji Darakta, "ba zan bari a tafi da kai ba. Da na ga motarsu zan yi magana. Ka yarda da ni."

"Tun safe nake zaune a ƙasa, Maigida," in ji Auta. "Ƙofar a buɗe take. Na ga inuwarka ta wuce sau da yawa."

Darakta ya sunkuyar da kai.

Auta ya tayar da kujerar da ta kife, ya tura ta can jikin bango, ya ja tasa ya zauna gaban kwamfuta. Ya rufe jan akwatin nan. Ya ɗora yatsunsa a kan madannai, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Maigida, don Allah ka juya bayanka," ya ce. "Zan canza kalmar sirri."